Yanke

Shekara talatin da biyu ina raba wasiƙu a kan keke,
daga gidan waya zuwa cikin ganuwa,
ban taɓa bin titi ba in akwai lungu.
Ta bayan marina nake ɓulla Kusfa,
in ratsa kangon da awaki ke kwana;
kafin mai mota ya gama cunkoson Ƙofar Doka
na sha ruwa a Babban Dodo, na goge baki.

Yau ga ni a Tudun Wada, shagon Nafi'u,
na sayi rabin awa da kuɗin goron kwana biyu.
Hannuna na rawa bisa ɓeran roba,
kibiya na zille mini kamar ɗan zabo.
Janareta na tari a bakin ƙofa.
Minti tara sun tafi, ban buɗe komai ba.

Ya ce, "Baba, saki ɓeran nan,
titin kwalta ne, na masu lokaci.
Ɗora ɗan yatsanka can ƙasa, gefen hagu.
Kwantirol ke nan, shi ne bakin lungu.
Danne shi ka taɓa T, ga sabon shafi.
Danne shi da L, ka faɗa layin adireshi."
Adireshi!
Na yi dariya har hula ta goce.
Yaro, tun ba a yaye babanka ba nake cin tuwo da shi.

Na koya kamar mai koyon keke da furfura.
Dogon maɓallin ƙasa yana gangara da ni,
Alt da kibiyar hagu su maido ni inda na baro.
F5 kuwa sallama ce:
in zaure ya yi shiru, sai ka sake,
ka sake,
har mai gida ya ji kunya ya fito.

Ya fito.
Jerin 'yan fansho, suna ya fi dubu huɗu,
ƙanana, a jere kamar kwarkwasa.
Na gyara tabarau zan bi su ɗaya-ɗaya.
"A'a, Baba. Kwantirol da F. Rubuta sunanka."
Tanimu Jibo.
Kafin in ɗaga yatsa ya haska, ruwan ɗorawa,
abin da na yi wa sawu bakwai zuwa Kaduna.

Saura minti shida, Nafi'u ya juya wajen wani.
Na share sunana a hankali,
na rubuta Barau Magaji.
Yana nan.
An amince a biya shi.
Barau da muka raba jaka ɗaya da kwanon ƙosai,
wanda damina ta tafi da shi a Shika bara,
yana tambayar ɗansa ko sunaye sun fito.

Ban san yadda yatsa ya zame kan W ba.
Shafi ya rufe. Fari fat.
Na ce innalillahi da ƙarfi, ɗalibai suka waigo.
Nafi'u ya miƙo hannu ta kan kafaɗata,
yatsu uku: Kwantirol, Shif, T.
Sai ga Barau, layinsa bai motsa ba.
"Ka gani, Baba? Duk abin da ka rufe yana dawowa."
Na dube shi. Ashirin da uku, gemu bai haɗe ba.
Na ce, "Haka ne, ɗana."

Na sa ya buga mini takardar,
na ninke ta uku kamar yadda muke yi da,
na sa a aljihun ƙirji.
Saura wasiƙa ɗaya ke nan in kai.

Na bi ta bayan marina bayan la'asar.
Kangon awaki an ɗaga masa bulo, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo.
Na tsaya, na dafa bangon, siminti bai gama bushewa ba.
Sai na juya na bi titi,
ni da takardar,
a ƙafa.