Shafin Ƙarshe

Sun zo Birni da kyamara,
sun ari tsohuwar Fijo ta jandarma,
wai za su nuna ɓatan Tsahara.

Yarinyar da ta fito a matsayinta
da dama take riƙe alƙalami.
Tsahara bahaguwa ce.

Ni na buga mata littafi tara,
gawa tara, kowace da makashinta.
Ran da ta fita, shayinta bai huce ba,
takalmi ɗaya a kan duwatsu,
littafi na goma babu ƙarshe.

Mai shirin ya durƙusa:
"Kaka, rijiya ce ko masoyi?"
Na ce, a Damagaram wa ke ɓata rijiya?

Shafin yana ƙasan adakata.
Ita ta ce in bar su da ƙishirwa.