Sau Uku Aka Kira Sunana

Sau uku aka kira sunana, in ji Lantana,
ita da ta shiga ta zauna a bencin baya.
Magatakarda ya tauna shi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
Ma-ra-ki-siy-ya,
ya leƙa baranda, ya dawo hannu rabbana.

Ni kuwa ina tsallaken titi,
a rumfar jiran bas, Bradford tana yayyafinta na kullum,
leda rungume a ƙirjina:
rasit na fam dubu shida da ɗari huɗu,
da saƙonsa na murya goma sha tara a waya,
kowanne da wallahi ya fara.

Awarwaron uwata ne a ciki, da rabin filin Gadon Ƙaya,
da dare ɗari biyu ina juya tsofaffi a gado,
ina share abin da 'ya'yansu ba sa son gani.
Namadi ya ce takardar aiki zai samo min,
wadda za ta kafa min ƙafa a ƙasar nan.
Ta zo kuwa, tambari rangaɗau,
sai dai kamfanin da ke jikinta ko ƙofa ba shi da ita.
Bizata ta mutu ana saura kwana shida salla.

To ku faɗa min,
kaza takan kai ƙarar shaho
a gidan da aka rataye wuƙa a bakin ƙofa?
An ce ba mai taɓa ni. An ce.
Na taka matakala biyu da safe,
na hango mai gadi yana tambayar suna yana rubutawa,
gwiwata ta ce ita ba da ita ba.

Lauyar gwamnati ta miƙe, ta ce ba ta da abin gabatarwa.
Alƙalai uku suka haɗa kawuna,
ko shayi ba zai huce ba a tsawon shawarar.
An sallame ka, Malam Namadi.
Kujerata tana kallonsu, ba ta da baki.

Ya fito da kwat mai ruwan toka.
Wataƙila hannun rigar nan kuɗina ne.
Ya buɗe lema, ya kara waya a kunne,
har nan nake jin sa:
Allah ya wanke ni, Hajiya, tas!

Sai ya ɗago. Muka haɗa ido,
motoci suna gilmawa tsakaninmu.
Shi ya fara sauke nasa.
Wannan dai ba a rubuta shi a kundin kotu ba.

Ban ce Allah ya isa ba,
sanyi ya riƙe min leɓe.
Lantana ta zo ta karɓi ledar, ta ce mu je, ƙarfe takwas kina aiki.
Bas ta tsaya, na ɗora kati ya yi ƙara.
Direba bai tambayi sunana ba.