Rigar Amare Bakwai

Na buɗe akwatin ƙarfe kafin carar zakara ta biyu,
ƙamshin kafur ne ya fara gaishe ni.
Tana nan yadda na bar ta,
farinta ya koma na nonon da ya kwana a ƙwarya.

Buhun gyaɗa biyu ta ci,
da ɗan akuyar Inna mai baƙin kunne.
Ni na fara sa ta.
Daga ƙofarmu zuwa majami'a taku ɗari ne da 'yan kai,
amma sai da Kefas ya yi gumi yana jira,
ina ta kakkauce wa ƙaya.

Bayana mutum shida.
Farar riga ɗaya ce a unguwar nan,
kowa ya san akwatin da take kwana.
Afiniki ta zo, aka farke gefe aka ƙara ƙyalle,
don Allah ya yi ta da cika.
Liyatu ta bar tabon dutsen guga a kafaɗa,
ta rufe da mayafi,
ba ta faɗa mini ba sai da ta yaye na biyu.
Rahila cikin marka ta yi nata,
jar lakar Bari har yau tana bakin rigar,
sabulu ya gaji, ni ma na gaji.
Tagwayen Barnaba mako guda ne tsakaninsu,
ko bushewa ba ta gama yi ba.
Sai Tabita.
Ta fi mu duka kyau a cikinta.
Damina biyu ta yi a ɗakinta.
Ba na son daɗewa a wannan baiti.

Da auren 'yata ya zo, ta ɗaga ta sama,
rana ta leƙo ta wuri uku.
Ta yi dariya ta ce, Mama, haya zan yi a birni.
Na ce ban ji haushi ba.
Na ji, kaɗan.

Yau ga ta da goyo,
Rabaran ya sa ranar baftisma.

Na kai ta rumfar Malam Sallau, gefen injin niƙa.
Ya shimfiɗa, ya bi ta da tafin hannu
kamar mai duba tunkiya kafin ciniki.
Ya ce, gaban ya sha ido,
bayan ne ya rage da rai.
Ya yi bismillarsa, na yi addu'ata a zuci,
almakashi ya shiga.
Ƙarar ba ta kai ta yagar ganyen masara ba,
amma na juya ina kallon masu niƙa.

Taƙi uku tsawonta.
Maɓalli biyu cikin goma sha biyu.
Leshin wuya ya zama hula.
Kuɗin zare kawai ya karɓa.

Ran Lahadi matan zumunta suka bugi tulu,
ruwan rijiyar bayan majami'a yana cikin tasa.
Rabaran ya ce, wane suna?
'Yata ta dube ni, ta ce, Tabita.
Ban san da wannan shiri ba.
Ruwa ya sauka a goshi sau uku,
yarinya ta tsala ihu har tantabarun rufi suka tashi,
kafin amin na ƙarshe
ta yi tumbuɗi a ƙirjin rigar.
Uwar ta zaro hankici, na riƙe hannunta.
Bar shi.
Ba wadda ta sa ta ta tafi ba shaida.

Da yamma na ninke ta, ninki biyu ta ƙare,
akwati ya yi fili.
Ragowar, da tabon guga da jar laka,
na ƙulle a tsohon ɗankwali,
ban san abin da zan yi da su ba tukuna.

Ƙaramar tagwayen ta biyo ni har bakin danga,
hannu ɗaya a kan ciki.
Ta ce, Baaba, wajen yankan dawa ne.
Na ce, kin san hanya,
akwatin nan bai taɓa sanin kwaɗo ba.