Tawadar Bara

A rediyon Mati mai faci muka ji,
tsakanin cigiyar akuya da farashin riɗi:
Alhaji Tanimu ya ajiye kujerarmu,
an ba shi kwamishina.
Daga wancan gini zuwa wannan, a Dutse,
ko shayinsa bai huce ba ya isa.
Mu kuwa nan Gangaren Kuka
muka wayi gari ba mu da baki.

Kakakin majalisa ya buga guduma,
ya ce gurbi ya samu.
Takarda ta tafi hukumar zaɓe,
ta kwanta can kamar ƙwai ƙarƙashin kaza.
Kafin ta ƙyanƙyashe
ambaliya ta cinye inda aka ce za a yi mana gada,
ba mai miƙewa a zauren ya faɗa.

Jam'iyya ta zauna, ta ja ƙofa.
Wakilai sun shiga aljihu a lafe,
sun fito yana rinjayar riga.
Ɗanliti aka tsayar, ƙanen Alhajin,
wanda sunan garinmu ma sai an raɗa masa.
Ɗaya ɓangaren suka kawo Habu Dogo mai shagon taki,
rabin gari yana bin su bashi.

Ran Asabar ajina suka ara.
Na goge jadawalin bakwai daga allo,
aka ajiye akwati inda Talatu ke zama.
Bara layi har gindin darbejiya,
bana ɗai-ɗai,
kamar indararo bayan an ɗauke ruwa.
Ana cirar gyaɗa, wa zai bar gona?

Iya Tabawa ta zo da sandarta.
Sau uku na'ura na ƙin fuskarta.
Ta miƙa wa yaron babban yatsa:
"Ɗan nan, ji nake ta bara ba ta gama fita ba.
Shi wancan, ina ya kai wadda na ba shi?"
Yaron ya duba takardunsa,
kamar amsar na ciki.

Da almuru aka ƙirga a kan teburina,
ɗari da sha ɗaya cikin ɗari bakwai.
Aka manna sakamako a ƙofar aji,
motoci suka tafi, ba ko sallama.

Litinin Talatu ta tsinci murfin tawada
a ƙarƙashin benci.
Ta ce, "Malam, wa ya ci?"
Na ce ta buɗe littafi,
yau muna kan ɗebewa.