Jiya Ne, Malam Tukur

Garatutin shekara talatin ina shaƙar ƙurar alli
na zuba a kamfanin matsar gyaɗa na Ƙofar Ƙaura.
Hannun jarina ɗari huɗu cikin dubu tamanin,
ko gishirin miya ya fi shi kauri.

Ran da manya suka ce a sayar da injin,
zaure ya amsa kamar ana bin liman.
Ni kaɗai na ɗaga hannu na ce a'a.
Magatakarda ya rubuta, ko kai bai ɗago ba.

Takarda ta ce mai ƙorafi na da kwana talatin.
Na linke ta na sa a aljihun gaba,
sai ƙugun Inna ya goce a bakin murhu.
Kwana goma sha tara a bencin asibiti
ina ƙirga ɗigon ruwan leda, ba ranaku ba.
Sauran kwanakin suka bi tunkiyata kasuwa
neman kuɗin lauya.

A kotu, akawu ya bi kalanda da gindin biro,
ya tsaya.
"Malam Tukur, ai jiya ne."

Lauya Barau ya rako ni har inuwar dalbejiya:
"Gaskiyarka ba ta mutu ba, ƙofarta ce ta rufe."
Ni da na sha tsare ƙofar aji
ina kora yara kan minti biyar!

Yanzu in na bi ta can da la'asar
babu ƙamshin tunkuza, sai kwaɗo da sarƙa.
A'ata na nan a shafi na tara na littafin taro,
tawadarta ba ta koɗe ba,
ba ta kuma ciyar da kowa.