Rabon Ruwa a Talata Mafara

Sha ɗayan dare ta gota, janareta na tari,
Kuluwa ta leƙo ɗakina, farar riga, jan ido:
"Mainasara, hoton ƙirjin yaron nan
tun isha'i nake tura shi Gusau,
ya tsaya a kashi tara, ya ƙi gusawa."

Na ja kujera gaban rauta,
fitilunta na ƙifce-ƙifce kamar marar gaskiya.
Asibiti ya yi barci, sauro kaɗai ke sintiri,
to wa ke shanye mana layi,
likita can yana jira, shayinsa na hucewa?

Na buɗe jerin masu haɗi.
Wayar mai gadi: wa'azi ɗaya, ya ƙare tuni.
Kwamfutar ɗakin magani: shiru.
Sai ga wata lamba, arba'in da bakwai a wutsiya,
ita kaɗai ta riƙe hannu ɗari shida,
baƙi daga garuruwan da bakina bai iya faɗa,
wannan ya miƙo mata loma,
wancan ya buɗe tafi yana karɓewa.

Toren ke nan, na san sawunsa.
Mai neman shafi guga ɗaya yake ja ya tafi.
Shi ko sai ya tara gayya a bakin rijiya,
yana sauke kaya, yana ɗora wa wasu,
ɗorawar ce ma ta fi shaƙe mana wuya.
Ka rufe masa ƙofa, ya ɓullo ta taga,
ya ƙunshe kayansa, ba ka ganin na ciki.
Amma mai satar ruwa ba a fuska ake gane shi ba,
gonarsa ce za ka tarar tana jiƙewa.

Shekara ashirin da biyu babana
yana murɗa ƙofar ruwa a magudanar Bakalori.
In wani ya huda gefen kwata da dare,
ba ya kai ƙara, ba ya ɗaga sanda.
"In ka toshe mai," in ji shi, "gobe shi huda gaba.
Rage mai dai. Bar mai abin da tumatir nai ka sha,
na ƙarshen layi su ma ɗiyan mutane na,
su ma suna jiran ruwa."

Sai na shafa wa arba'in da bakwai alama.
Hannu ɗari shida na mayar talatin.
Na yanka masa rabo, cokali maimakon ƙwarya,
na sa shi can bayan layi,
hoto da sakamakon jini su wuce gaba.
Daga biyun dare zuwa kiran assalatu kuwa,
na bar masa kwatar a buɗe, ya yi ta kwankwaɗa.

Tara ta zama talatin.
Saba'in.
Kuluwa ba ta tsaya ganin ɗari ba,
takalminta kawai na ji yana nisa a baranda,
ba godiya, ban kuma nema ba.

Da hantsi ga Lawali na ɗakin kati,
kwamfuta a hammata, fuska a murtuke:
"Yau sabis ɗinku ciwo yake?"
Na ce, me kake saukewa haka?
Ya sosa ƙeya. Finafinai ne, wai,
na masu tari a ɗaki na huɗu,
wata biyu suna kwance, dare ya yi musu tsawo,
yakan zuba musu a waya su rage zafi.

Na daɗe ina kallon fitilun nan.
Baba bai gaya mini ba
yadda ake yi in mai hudar ma wani yake shayarwa.
Na ce, biyun dare naka ne, Lawali,
na kuma ƙara masa rabin cokali.
Har yanzu ban tambayi Kuluwa labarin yaron ba,
ina tsoron amsawa.