Gidan Cindo Mai Gishiri

Sun aiko ni in auna shi, tsawo da faɗi,
magada sha tara ne, gidan kuwa ɗaya.
Na shigo da igiyar awo a aljihu,
a zaure ƙafata ta ƙi motsawa.

Cindo, kakan babana, shi ya kafa shi
a shekarar da Jamus suka bar Garwa.
Gishiri yake saukewa a bakin Binuwai,
jirgi ya juya da gyaɗa da fatu.
Ya ga benen Bature a tashar jirgi,
ya dawo ya ce wa magini Gagare:
"Ƙasa irin tamu, sama irin tasu."
Gagare ya yi tsaki, ya fara kwaɓawa.

Ga shi nan har yau, rabi da rabi.
Tubali da makuba, bango kamu uku,
bakan gizo huɗu sun haɗa kai a zaure
kamar dattawan da ke wata ganawa.
Azarar giginya ce, gara ta ɗanɗana,
ta ga ba riba, ta koma kan tabarma.

Sama kuwa kwano ne da baranda ta katako,
matakala sha uku, ta bakwai mai tsegumi.
Ita ta tona Baba Barmo daren da ya makara,
ita ke faɗa wa Goggo Gwamma mai zuwa.

Tagar gabas gilashi shida gare ta,
shuɗi da ja, a cikin auduga aka kawo su.
Ƙwallona ta ci ɗaya, ruwan ƙanƙara biyu,
sauran ban san wanda zan tuhuma ba.
Guda ya rage. Da hantsi yakan zuba
ɗan jan haske daidai inda Gwamma ke kaɗi,
ko da yake mazarin ya daɗe da tsayawa.

Mai saye na waje, bai kashe mota ba,
shaguna takwas yake gani a wurin.
Ya ƙirga sefa, na ƙirga ɗakuna,
lissafinmu ya ƙi haɗuwa.

Bayan ƙyaure na ga tafin hannu a yaɓe,
babban yatsan ya ɗan karkace, irin namu.
Na ɗora nawa a kai. Ya fi ni faɗi.
Na naɗe igiya, na hau matakala a hankali,
ta bakwai ta sanar da gida na dawo,
jemagu kaɗai suka amsa gaisuwa.